Tagulla Ba Ta Kama Mayen Ƙarfe

Cin amana iri-iri ne, amma wanda ya fi muni shi ne wanda ya shigo gida da sallama, ya durƙusa ya gai da tsoho, ya ce taimako ya kawo. Labarinsa zan ba ku yau. Kafin ku fara tsine wa kowa kuma, ku sani ni na buɗe masa ƙofa da hannuna. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. To, ni ce tsagar.

Babana shekara talatin da biyu ya yi yana aikin layin dogo. Ba tuƙi yake yi ba. Aikinsa shi ne bin layi a ƙasa da ’yar guduma, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurara. Daga amon kaɗai yake gane inda ya tsage da inda ƙusa ta saki. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya: jirgi bai taɓa sauka daga layi a yankin da yake dubawa ba.

Da ya yi ritaya sai ya shimfiɗa nasa dogon a bayan gidanmu. Kada ku ɗauka irin jirgin robar nan ne da ake saya wa yara su karya kafin la'asar. Kan jirgin kaɗai ya kai tsawon hannuna daga kafaɗa zuwa yatsu, baƙi wuluk da jajayen ƙafafu, sai da hannu biyu ake ɗaga shi. Yana jan taragu huɗu. Layin kuwa tagulla ce zalla, guntu-guntu ake haɗawa, guda sittin da huɗu, waɗanda ya yi shekaru yana tarawa ɗaya bayan ɗaya. Layin ya kewaya bishiyar lemo, ya bi ƙarƙashin igiyar shanya, ya haura ’yar gadar katako, ya zo tasha a gindin tankin ruwa. Ta cikinsa lantarki ke bi ya motsa jirgin. Kowane guntu in ka kifa shi za ka ga zanen da Baba ya ja da magagari, alamar gurbinsa.

Mama takan ce, “Mutum da furfurarsa yana wasan yara.”

Shi kuma ya ce, “Ai ba ki taɓa biyan kuɗin mota a jirgin nan ba, ki gode Allah.”

Ni ɗinki nake yi. Kekena na bakin tagar da ke kallon bayan gida, don haka ni ce fasinjarsa ta kullum. Uwata yake kirana, tun ina ƙarama.

Sai Mai Shago ya shigo rayuwarmu. Kantin kayan wasan yara gare shi a babban titi, mai gilashi daga sama har ƙasa. Ɗinkin labulen kantin ya kawo mini, daga nan ya ƙi daina zuwa. Dogo ne, kullum cikin farar riga mai guga kamar takarda, agogo mai ruwan zinare, turarensa na riga shi shiga ɗaki ya kuma kwana bayan ya tafi. Yayana, direban babbar mota, tun ranar farko ya sa masa Ɗan Gayu.

Mama ta kamu kafin ni. Safe da yamma maganar ɗaya ce.

“Ke wai me kike jira? Sa'o'inki duk suna ɗakunansu. Ga mutum da sana'arsa, ga ladabi. Ko so kike ki tsufa a kan keken nan?”

“Mama, ban gama saninsa ba.”

“Ni da na auri babanki na gama saninsa ne? Da na san da jirgi zan yi zaman gida ai da na yi tunani.”

Gaskiyar magana, ba matsin Mama ne ya karya ni ba. Ranar da Mai Shago ya fara leƙa bayan gida ce. Ya tsaya turus, ya cire takalminsa, ya tsuguna a kan tsakuwa da farar rigar nan, ya ce, “Baba, wannan ai dukiya ce! Irin wannan layin an daina yin sa.” Suka yi awa biyu suna maganar faɗin layi da kwana da mahaɗa. Rabon da in ga Baba yana dariya har da tari na manta. A raina na ce, wanda ya girmama abin da ubana ke so, ya girmama ni. Ashe kallon kitse nake wa rogo.

Saƙonninsa kuwa ba a magana. “Gimbiya, kin tashi lafiya? Ya jikin direbanmu?” “Gimbiya, yau na ga wani tarago na tuna da Baba.” Ina karantawa ina murmushi kamar wata sakarya, har allura ta soke ni.

Ana haka yanar idon Baba ta tsananta, likita ya ce sai an yi aiki, zai kwana uku a asibiti. Mama ta tafi jinya, Yaya yana kan hanya da kaya. Ranar da aka kwantar da Baba saƙon Mai Shago ya shigo.

“Gimbiya, ina da shawara. Layin Baba ya yi duhu saboda ruwa da rana. Bari in kwashe in kai kanti in goge shi da inji. Abin da zai fara gani da sabon idonsa ya zama yana walƙiya. Amma kada ki faɗa wa kowa, mu ba shi mamaki.”

Na rubuta, “Baba ba ya son a taɓa masa layi.”

“Wa zai faɗa masa? Sai ya gani ya sa mana albarka.”

Ku dubi kalmar nan, “mana”. Ita ta ci ni. Na buɗe masa ƙofar baya, na riƙe masa kwali yana zubawa. Har ruwan sanyi na kawo masa.

Ranar da za a sallamo Baba, Mai Shago ya dawo da layin da sassafe ya shimfiɗa da kansa, ya hana ni taimako wai kada in ɓata hannuna. Layi ya fito yana ƙyalli kamar sarƙar wuya. Na lura kwanar bishiyar lemo ta matso ciki, ta bar tsohon shatinta a ƙasa, na tambaya. Ya ce dama a karkace take, ya gyara. Ya baje tsakuwa a kan shatin da ƙafarsa. Na yarda. Mai son abu makaho ne, ni da idona biyu na fi Baba makanta.

Baba ya dawo da bandeji a ido ɗaya, ɗayan kuma hazo-hazo yake gani. Ko shayi bai tsaya sha ba ya lalubi bango ya fita baya. Ya zauna a kujerarsa, ya aza jirgi a layi, ya murɗa wuta.

Jirgi ya tashi yana tsalle-tsalle kamar mai shaƙuwa. Ya haura gada da ƙyar. Yana kai kwanar lemo sai ji muka yi ƙarar! Kan jirgin ya kife a gefe, taragu suka bi shi.

Baba ya miƙe, ya lalubo shi, ya share masa ƙasa da bakin rigarsa, ya mayar. Ya sake murɗawa a hankali. A kwanar nan dai ya sake faɗuwa. Na ga ya zaro ’yar gudumarsa daga aljihu, ya ƙwanƙwasa layin sau biyu, ya karkata kai. Sai ya mayar da ita aljihu.

Na ce wa kaina idonsa ne, in ya warke komai zai daidaita.

Kwana biyar ana haka. A rana ta biyar bututun hayaƙin jirgin ya karye. Mai Shago yana nan, ya zo duba jiki da ledar lemo da ayaba.

Mama ta ce, “Malam, don Allah ka haƙura da abin nan. Tsufa ba laifi ba ne. Hannunka rawa yake yi, kai ne ba ka sani ba.”

Mai Shago ya sunkuyar da kai, murya ƙasa-ƙasa. “Baba, kada ka ga rashin kunyata. Irin wannan jirgin yana son ido da hannu mai ƙarfi. In ya ci gaba da faɗuwa zai lalace gaba ɗaya. Ka ba ni shi in gyara bututun, in sa shi a gilashi a kanti, duk wanda ya shigo ya san naka ne. Duk ranar da ka so ka zo ka gan shi.”

Baba ya daɗe yana shafa wurin da ya karye da babban yatsansa. Sannan ya ce, “Shekara talatin da biyu babban jirgi bai faɗi a hannuna ba. Yau ƙarami ya gagare ni.” Ya juyo inda nake. “Uwata, kaina ne ya fara kwancewa ko?”

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na ce, “A'a Baba.” Iyakar abin da na iya faɗa ke nan.

Ya ce wa Mai Shago, “Ka zo jibi ka ɗauka.”

Daga lokacin Baba ya daina fita baya. Yana zaune a ɗaki fuskarsa a bango, abinci sai an yi da gaske. Mutumin da ke tashin gida da tsokana ya koma in ya ajiye hula sai ya tambaye mu sau uku ko shi ya ajiye ta, don ya daina yarda da kansa.

Washegari da hantsi na ɗauki wata riga da nake wa kalmasa, shuɗiya mai ƙananan furanni, wadda na ɗinka don ranar da dangin Mai Shago za su zo gidanmu neman aure. Ɗaki ya yi mini zafi, na fita gindin lemo. Ina zama gwangwanin fil ɗina ya kife, suka watse cikin tsakuwa. Duk tela ya san maganin wannan. Na ɗauko mayen ƙarfena, ɗan baƙin nan mai kamar sabulu, ina bin ƙasa da shi yana tsince su.

Sai ji na yi taf! Ya fizge daga hannuna ya manne a layi.

Na ja, ya riƙe. Na cire, na kai wani guntun, ya sake mannewa. Ina ’yar shekara bakwai Baba ya taɓa ɗora mini wannan wasan a wannan wurin. Ya ba ni mayen ƙarfe ya ce in manna a layi, in ya kama zai saya mini keke. Na yini ina fama yana dariya. Daga baya ya ce, “Uwata, riƙe wannan. Tagulla ba ta kama mayen ƙarfe. Duk abin da ya yi ƙyalli ya kama, ƙarya yake yi.”

Na tusa yatsu na ɓalle guntu ɗaya. Ba nauyi, kamar murfin kwano. Na kifa shi. Cikinsa rami ne, gwangwani aka naɗe aka shafa masa ruwan tagulla, har tsatsa ta fara ci daga raɓar kwana shida. Babu zanen magagari. Na ɓalle na biyu, na uku, na goma. Babu.

Daidai lokacin waya ta yi ƙara. “Gimbiya, gobe da ƙarfe goma zan zo. Ki haɗa mini taragun ma a wuri ɗaya, kada su yi kewar uban gidansu.” Har da hoton fuska mai dariya.

’Yan'uwana mata, ban yi kuka a lokacin ba. Kuka na wanda aka zalunta ne shi kaɗai. Ni an zalunce ni, an kuma yi zalunci da hannuna.

Na ɗauki guntun da mayen ƙarfen na shiga ɗakin Baba. Na durƙusa. Na faɗa masa komai, tun daga saƙon farko har ruwan sanyin. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na sa masa guntun a hannu.

Ya auna nauyinsa a tafinsa. Ya zaro guduma ya ƙwanƙwasa. Amon ya fito a mace, kwas, kamar an bugi ludayi.

Ya ce, “Na ji wannan tun ranar da na dawo.”

Na ɗago. “Ka ji, Baba? To me ya sa ba ka yi magana ba?”

“Wa ke gida ranar? Ke kaɗai. In na ce an canja layi, na ce ’yata ta buɗe ƙofa ke nan. Da in zarge ki, gara in zargi kunnena.”

Nan kukan ya zo. Ya bar ni na yi mai isata, bai rarrashe ni ba, ban kuma cancanci rarrashi ba. Da na yi shiru ya ce, “Share fuskarki. Kira yayanki, ki ce ya kwana a gida. Kada ki amsa wa yaron nan komai sai ‘to’.”

Na rubuta masa, “To.”

Ƙarfe goma daidai ya yi sallama. Farar riga, turare, da wani kwali da ya shimfiɗa wa soso a ciki daidai tsawon jirgin. Wato ya riga ya auna. Mama ta tare shi da fara'a, don ba mu faɗa mata ba. Yaya yana jingine da ƙofar baya yana sakace.

Baba yana kujerarsa a tasha. A cinyarsa akwai guntun layi guda ɗaya da ya yi rara, mai duhu, wanda yake danne takardunsa da shi a ɗaki shekara da shekaru. Shi kaɗai ya tsira.

Ya ce, “Ɗana, kafin ka ɗauka ka yi mini alfarma ɗaya. Idona ba ya gani. Haɗa mini wannan a bakin tasha, in yi sallama da jirgina a cikakken layi.”

“An gama, Baba.”

Ya tsuguna. Ya tura, bai shiga ba. Ya juya ɗaya bakin, bai shiga ba. Faɗinsu ɗaya, amma na Baba ya fi tsayi da kauri, bakin mahaɗarsa daban. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi.

“Kamar ya ɗan lanƙwashe, Baba.”

“Shekara ashirin yana gidan nan tare da ’yan'uwansa bai lanƙwashe ba. Ko dai ’yan'uwan ne suka canja uwa?”

Yaya ya yi dariya ta hanci. “Ɗan Gayu, a hankali, kada rigar ta yi datti.”

Na matso na saki mayen ƙarfena a kan layin. Taf! Na cire na ɗora a kan guntun Baba, ya zame ya faɗi ƙasa.

Mama ta dube ni, ta dube shi. “Me ke nan?”

Baba ya ce, “Ke nan layina na tagulla ya tafi, an kawo mini gwangwani. Kwanarsa matsattsiya ce, ta ƙananan jiragen batir ce. Dogon jirgi mai taya goma ba zai iya shan ta ba ko wa ke tuƙi. Wanda ya shimfiɗa ya san haka, don mun yi maganar da shi a nan, yana tsugune inda yake yanzu. Ba layin kaɗai yake so ba. So yake in yarda na haukace in miƙa masa sauran da hannuna.”

Mai Shago ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. “Baba, wallahi kuskure ne, a kanti aka haɗa da wasu. Kuma ai ba sata na yi ba, ita ta ba ni. Gimbiya, faɗa musu mana, ba ke kika riƙe mini kwalin ba?”

Kun ji. Wanda jiya yake cewa “mana”, yau ya tura ni gaba ya ɓuya a bayana.

Na ce, “Ni na riƙe. Na riga na faɗa, ba ka da abin sayarwa a nan. Kuma kada ka sake kirana da sunan nan.”

Mama ce ta ba ni mamaki. Matar da ta yi shekaru tana yi wa jirgin nan gori ta ɗauki ledar ayabar da ya kawo shekaranjiya ta dangwara masa a cikin kwalin sosonsa. “Ni na ce wa mijina hannunsa na rawa. A gabanka na faɗa, kana sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Allah ya isa tsakanina da kai.”

Yaya ya jefar da tsinken sakace, ya dafa kafaɗar Mai Shago. “Mu je kanti a gyara kuskuren. Motata na waje.”

Kafin azahar suka dawo. Layin na can a ɗakin ajiyarsa, an naɗe kowane guntu a takarda, an rubuta sunan wani mai tara irin waɗannan kaya a jikin kwalin. Mutumin cewa ya yi ba zai karɓa ba sai da kan jirgin da taragunsa, shi ya sa kayan ba su tafi ba. Yaya bai yi abin a ɓoye ba. A bakin titi ya zazzage kwalin, gaban mai gyaran waya da mai sayar da takalma da duk wanda ya tsaya kallo, yana kifa su yana nuna zanen magagari. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Baba ya ƙirga da yatsunsa, yana shafa zanen kowane. Sittin da huɗu. Ya ƙi yarda kowa ya taya shi. Da ido ɗaya da lalube ya mayar da kowane guntu gurbinsa, ya tone tsohon shatin kwanar lemo da aka rufe da tsakuwa. Ni aikina miƙo masa kawai. La'asar sakaliya ya murɗa wuta. Jirgi, da karyayyen bututunsa, ya haura gada, ya sha kwanar lemo sumul, ya zo ya tsaya a gindin tanki.

Baba ya ce, “Hannun nan dai da ake cewa yana rawa.”

Mama ta ce, “To, na ji. Sai a yi ta maimaitawa har shekara.”

Ni har yau bai ce ya yafe mini ba, ban kuma roƙa da baki ba. Makullin ƙofar baya dai ya koma aljihunsa, kusa da guduma. Na san abin da hakan ke nufi, kuma daidai ne.

Shi kuwa Mai Shago, garin neman gira ya rasa ido, bari in lissafa muku. Ya rasa layin da ya sata. Ya rasa jirgin da ya yanka wa soso. Mai sayen da ya yi wa alkawari ya ji labari ya janye. Maƙwabtansa na titi sun daina ba shi ajiyar ko makulli. Ya rasa tsohon da ya kira shi “ɗana”, da uwar da ta fi shi son auren. Ya rasa ni, shuɗiyar rigar kuma na sayar wa wata. Abin da ya rage masa gwangwani sittin da huɗu ne masu tsatsa, waɗanda Yaya ya juye masa a ƙofar kanti, da ledar ayaba.